Layi Biyu a Kasuwar Tudun Aduwa

Bana ruwan shuka ya sauka a Filinge ana saura kwana biyu a zaɓi 'yan majalisar gari, sai mutane suka rasa inda za su sa kansu, gona ko wurin ƙuri'a. Jikana Idi, wanda nake zaune a gidansa tun da gwiwoyina suka ƙi ni, ya ɗora ni a amalanken jaki ya kai ni lakwal, wato makarantar unguwarmu, inda aka ajiye akwatin zaɓe. Aka ba ni takardu da ambulan, aka nuna mini wani lungu da aka kewaye da zana, aka ce in shiga in zaɓi wanda raina yake so, ba mai ganina. Na shiga, na daɗe, har mai tsaron akwatin ya leƙo ya ga ko faɗuwa na yi. Ban faɗi ba. Dariya ce ta kama ni, don na tuna wata shekara da na yi zaɓe a tsakiyar kasuwa, gari guda yana kallon ƙafafuna.

Garinmu Tudun Aduwa yana cikin ƙasar Kurfai, tafiyar rabin yini daga Filinge in ka bi ta Tabla. Ba wani babban gari ba ne, kasuwarmu ta Laraba ce ta sa aka san sunanmu. Buzaye su zo daga Bonkuku da raƙuma da kanwa, Zabarmawa su taso daga Damana da tabarmin kaba, mu kuma mu baje hatsi da wake. Lokacin Nasara bai yi wani daɗewa a bariki ba. Dattawanmu duk sun san duniya kafin zuwansa, kuma suna maganarsa kamar baƙon da ya sha fura ya ƙi yin sallama.

Shekarar da nake ba da labari, fara ce ta gama da mu. Hatsi ya fid da kai, ya fara ido, muna ta cika baki a kan dammunan da za mu ɗaure, sai wata la'asar gabas ta yi ja. Muka ɗauka hadari ne. Kafin magariba fara ta sauka a gonaki, kana jin ƙarar cinta tun daga bakin rijiya. Muka buga ganguna, muka tada hayaƙi, mata suka yi ta kaɗa zannuwa, duk a banza. Kwana biyu ta tashi ta bar mana kara tsaye. Mun ɗan rama, don mun cika taiki-taiki da ita mun soya mun ci, amma fara ba ta kai mutum damina.

Abin da ya rage a rumbuna ya kai mu ƙarshen sanyi. Daga nan aka shiga daji. Da asuba mata su fita da ƙwarya neman anza, 'ya'yan wani ɗan itace mai ɗaci wanda a shekarar ƙoshi ba mai waiwayarsa. A jiƙa shi kwana huɗu ana zubar da ruwan, sannan a dafa, a ci, harshe yana ƙorafi ciki yana godiya. Mu maza mu tafi tonon gidan tururuwa mu kwashe 'yar tsabar da ta tara, tana cizonmu muna ba ta haƙuri. Tsofaffi su zauna sussukar ƙarangiya, hannuwansu duk ƙaya. Wanda yake da sauran ƙarfi ya gangara fadama ya samo goruba, a kankare bayanta a daka a dama. In rana ta take kowa ya nemi inuwa ya kwanta, don kada motsi ya ƙone abin da aka ci. Ni abin da ya fi damuna a wannan bazara shi ne shirun gari. Ka wayi gari har hantsi ba ka ji an buga taɓarya a ko'ina ba.

A cikin wannan zafin mahaifina ya rasu. Tari ne ya ɗauke shi, amma yunwa ce ta buɗe wa tarin ƙofa. Ni kaɗai ne ɗansa namiji, saboda haka na wayi gari maigida ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, da uwa tsohuwa, da matata Kulu mai ƙaramin ciki. Gadon da ya bar mini mai daraja shi ne irin shuka, a cikin tulu, an gauraya da toka an liƙe bakin da laka. Uwata ta sa aka binne tulun a ƙarƙashin gadonta, ta ce ta haife ni ta san halina.

Da ba don mahaifin Kulu ba, da wuya mu ga damina. Sunansa Nomau, amma ni Baba nake ce masa, ko a bayan idonsa. Dogo ne, mai tsadar magana, manomin da ake kwatance da shi. A shekarun ƙoshi mutane sun sha yi masa dariya wai rowa ce ta sa yake ajiye hatsin shekara uku a rumbu. Da fara ta zo dariyar ta ƙare. Duk bayan kwana uku Kulu takan je gaida innarta, ta dawo da ɗan ƙullin tsaba a gefen zane. Ba wanda ya ce an ba mu, ba wanda ya ce mun karɓa. Kunun wannan tsabar ne ya riƙe uwata, ya riƙe cikin Kulu, ni ma ina lasar ludayi.

Yaran yanzu suna zama da surukansu a tabarma ɗaya suna shan shayi, har da musu a kan ƙwallo. Ban ce laifi ba ne. Mu dai a lokacinmu, in na hango Baba a hanya, sai in ratse in bi ta bayan shinge ko da ƙarangiya za ta cinye mini wando. In ba makawa, in tuɓe takalmi in durƙusa, kaina a ƙasa, in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. Shekara uku da aurena ban san kalar idonsa ba. Ban taɓa ce masa na gode da hatsin ba, don godiyar ma magana ce, mu kuwa ba ma magana. Amma ina sonsa, so irin wanda ban yi wa kowa ba bayan mahaifina.

Ana cikin haka mai garinmu shi ma ya cika. A al'adarmu, in haka ta faru, dattawan unguwanni huɗu su shiga zauren Liman su yi ta zama, yau da gobe da jibi, har suna guda ya fito. Ba a ce wane ya nema, ba a ce wane ya faɗi. A kai sunan Filinge a sanar, shi ke nan. To wannan karon an kawo sabon kumandan, Nasaran da yake mulki a Filinge, saurayi mai jan fuska, mai son a ga aikinsa. Ya aiko tafintansa da saƙo cewa a ƙasarsu, ko a ƙananan garuruwan kasuwa irin namu, ba a ba mutum shugabanci sai an ƙirga mutanensa. Saboda haka mutum biyu za su tsaya a fili, kowane magidanci ya je ya tsaya bayan wanda yake so. Shi da kansa zai zo ran Laraba ta sama ya gani.

Abin ya tayar wa dattawa hankali. Yaya za a tsai da mutum mai iyali a kasuwa, a nuna wa Buzu da Bazabarme cewa garinsu ba ya sonsa? Kuma waɗanda suka tsaya bayansa, da wane ido za su dubi wanda ya samu? Suka ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Don haka suka shiga zaure kamar yadda suka saba, suka gama zaɓensu, sannan suka zauna shirya wa Nasara layin da zai ƙirga. Mu magidanta arba'in da ɗaya ne, ban da Liman da mutum biyun da za su tsaya. Aka raba mu ashirin-ashirin, saura mutum guda.

Abin da ya fito daga zauren ya iso kunnen irinmu shi ne, Tankari da Baba Nomau za su tsaya. Tankari falke ne, ya sha yawon fatauci har Yamai, yana jin Zabarmanci kamar a can aka yanke masa cibiya, ya iya zama da tafinta, ya iya zama da gardi, wato 'yan sandan Nasara, kuma zagi ba ya hana shi barci. Baba kuwa kakansa ya taɓa riƙe garin, don haka ba wanda ya yi mamaki. Kowa ya ce ashe shiru-shirun nan da buri a ciki.

Ran Lahadi bayan azahar, ina shirin fita daga masallaci, Liman ya ce in dakata. Da kowa ya watse ya ce, "Arzika, ran Laraba kai na ƙarshen shiga layi. Bayan Tankari za ka tsaya."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ni? Ga magidanta arba'in, a rasa wanda za a sa sai ni da nika cin hatsin Baba?"

"Dattawa sunka ce kai. Ishirin nan, ishirin can, kai na cikon. Hakanan Tankari shi samu, Nomau ko ba shi jin kunya, tunda da mutum guda anka hi shi."

"To Baba ya san ni na cikon?"

Liman ya ɗauki butarsa ya miƙe. Ya ce, "Kai dai yi abin da anka ce maka. Yaro ba shi tambayar abin da anka yi cikin zaure."

Na koma gida. Na iske Kulu tana sheƙar ƙarangiya, na gaya mata. Ta ce dattawa sun fi mu sani. Amma ta ƙara da cewa a zuwanta na ƙarshe ta ga innarta ta fito da rigar kakan Baba daga adaka, ta wanke, ta kai an buga. Mutumin da ba ya so, ai ba ya sa a buga masa riga. Ranar ce ranar zuwanta gida, amma har rana ta faɗi ba ta ɗauki mayafi ba. Da na tambaye ta, ta ce ba za ta iya karɓo hatsinsa ba tana sane da abin da za a yi masa. Muka kwana a kan anza.

Kwana ukun nan sun fi mini duk bazarar tsawo. In na bi dattawa, na ci amanar mutumin da ya ciyar da gidana, a gaban kasuwa, kuma da ƙafata kaɗai za a kada shi. In na ƙi, na watsa wa dattawa ƙasa a ido, ni da ko wata uku ban yi da zama maigida ba. Na yi tunanin in aika wani ya ji ta bakin Baba, amma wa zan aika, kuma ya ce masa me? Surukinka yana tambaya ko kana son sarauta? Ko a wasa ba a yin haka. Ga zafi ya kai maƙura, ruwan rijiya ya koma laka, sai a jira guga ya cika kamar ana roƙonsa. Shamuwa ta iso, gawo ya fara zubar da ganye, kullum la'asar hadari ya haɗu a gabas ya yi mana ƙwalele ya watse.

Laraba ta zo. Kasuwar ranar abin tausayi ce, anza da goruba da kanwa da 'yan awaki waɗanda kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Amma mutane sun cika, don labari ya bazu cewa za a ƙirga 'yan Tudun Aduwa kamar tumaki. Da hantsi kumandan ya iso da tafinta da gardi biyu, aka kafa masa kujera a gindin babbar aduwa. Aka tsai da Tankari a dama, Baba a hagu, fuskokinsu wajen Nasara, bayansu wajenmu.

Dattawa sun gargaɗe mu kada mu fito da sauri kamar abin shiri ne. Don haka kowa ya fito yana wasan tunani. Tsoho Barmu maƙeri ma har ya tsaya a tsakiya yana shafa gemu, ya dubi dama ya dubi hagu, ya girgiza kai, alhali tun ran Lahadi ya san inda za shi. Kumandan yana ta gyaɗa kai, abin ya yi masa daɗi. Layi biyu suka yi ta tsawo kafaɗa da kafaɗa, har ya zama ba kowa a rumfar mahauta, inda aka tara mu, sai ni.

Daga rumfar zuwa layin bai fi taku talatin ba. Na rantse da wanda raina yake hannunsa, wajen Tankari na nufa. Na yi rabin tafiya kaina a ƙasa, sai na yi kuskuren ɗaga ido. Tsakanin kawunan mutane na hango ƙeyar Baba, don ya fi kowa tsawo. Rigar kakan ta yi masa yawa, wuyansa ya fito daga cikinta siriri, jijiyoyi biyu a tsaye. Ban taɓa kallonsa haka ba. Mutumin da ake cewa yana da rumbu ya fi ni ramewa. Nan take na gane cewa ƙullin da Kulu take kawowa ba daga rarar rumbu yake fitowa ba, daga akushinsa ne. Ban san lokacin da ƙafafuna suka karkata ba. Na dai ga kaina a hagu, a ƙarshen layinsa.

Kasuwa ta yi tsit. Liman ya yi tari sau uku, irin tarin da ba na mura ba, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, don tafinta ya fara bin layi yana taɓa kafaɗu da sandarsa. Ya ƙirga na Tankari ashirin. Ya ƙirga namu, sandar ta sauka a kafaɗata a kan ashirin da ɗaya. Kumandan ya rubuta a littafinsa, ya tashi ya miƙa wa Baba hannu. Baba ya juyo a hankali, ya bi layin da ido har ƙarshe, ya gan ni. Ranar na fara ganin idonsa. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Tankari ne ya fara zuwa ya durƙusa ya yi masa gaisuwar sarauta. Da zai wuce ni ya dafa kaina ya ce Allah ya yi mini albarka, na hutar da shi. Na ɗauka baƙar magana ce.

Allah ya rufa mini asiri da ruwa. Kumandan bai kai Tabla ba hadarin da ya yi mako yana yaudararmu ya tsinke. Iska ta fara zuwa da sanyi da ƙamshin ƙasa, sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya yi ta yi har bayan magariba. 'Yan kasuwa suka tsaya a cikinsa ba mai neman mafaka. Na ga tsofaffin da suka binne 'ya'yansu a bazarar nan suna dariya, ruwa yana bin gemunsu. Wanda yake shirin zagina ya manta, kowa ya koma gida neman sungumi.

Da asuba uwata ta sa na haƙo tulun, ta fasa bakin da hannunta, ta yi bisimilla. Irin yana nan lafiya, ko ƙwaro ɗaya. Muka fita gona duhu bai gama washewa ba. Ina gaba ina sara, Kulu tana biye tana zuba iri tana rufewa da diddige, uwata tana baya tana gyara wanda Kulu ta yi wa sakaci, tana mita. Ko'ina ka duba mutane ne a sunkuye, yashi ya yi duhu da laima yana shiga tsakanin yatsun ƙafa da sanyi. Cikinmu ba komai sai ruwa da goruba, amma kwana uku muka yi muna shuka ba wanda ya ce ya gaji. A rana ta uku Liman ya bi ta gefen gonata a kan jakinsa. Na durƙusa ina jiran faɗa. Ya dube ni ya ce sannu da aiki, mai naɗin sarauta, ya wuce. Sunan ya bi ni har yau, akwai waɗanda ba su san wani sunana ba.

Gaskiya a lokacin na ji daɗin kaina. Na ce a raina na rama alheri, kuma na rama shi a bainar jama'a. Dattawa sun ɗaure mini fuska na 'yan kwanaki, suka gaji suka saki, tunda Baba ba mutumin da za a ƙi ba ne. Shuka ta fito layi-layi, ruwa ya yi ta zuwa a kan kari. Tafasa da lalo suka tsiro a bayan gari, tukunya ta samu abin dafawa mai launin kore. Muka yi noman fari da gayya, yau gonar wane gobe ta wane, gayyar da ba tuwo ba fura, kowa ya zo da gorar ruwansa da ɗan kwaɗon tafasa a ƙunshe. Yunwar lokacin ta fi ta bazara cizo, don ga aiki, amma yunwa ce mai ganin ƙarshenta. Da yamma in ka tsaya a kan tudu ka ga hatsi yana kaɗawa har iyakar gani, sai ka ji kamar ka ci wani abu.

Kulu ta koma zuwa gidansu, ƙullin tsaba ya ci gaba da zuwa. Takan ce mini Baba ya ƙara shiru. Wai yanzu sai ya yini a zaure yana shari'ar akuyar da ta ci shukar wani, gonarsa tana can tana jiransa. Na ce ai haka sarauta take, zai saba.

Hatsi ya kai ƙugu, an shiga maimai, sai ga gardi daga Filinge. Nasara yana son mutum biyar daga garinmu, aikin hanyar Yamai, kwana arba'in. Kowa ya san abin da wannan yake nufi. Ka tafi ɗaukar duwatsu a kwando, ka bar gonarka ciyawa ta ci rabonta a daidai lokacin da take neman hannu. Kuma mai gari ne yake fid da sunaye. Gari ya ɗauki zullumi, uwaye suna ta zarya gidan Baba. Ni kuwa, ba zan ɓoye ba, hankalina kwance yake. Surukina ne mai gari, kuma ni na naɗa shi.

Da la'asar ya aiko in same shi, ba a zaure ba, a gonarsa. Na iske shi zaune a gindin gawo, ya ajiye rawanin a kan gwiwa. Na tuɓe takalmi na durƙusa daga nesa. Ya nuna mini ƙasa kusa da shi, na matso na zauna, duk muna kallon hatsi.

"Arzika."

Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Na ce, "Na'am, Baba."

"Mutum biyar Nasara ka so. Kai na na hwarko. In na tsallake ka, ba ni iya kallon uwar kowa in ce ta ba ni ɗanta."

Na ce to.

Sannan ya ce, "Ka san wa yac ce a sa ka bayan Tankari?"

"Dattawa, Baba."

"Ni na. Ban so abin ga ba ko cikin mahwalki. Nasara yac ce mutum biyu, anka rasa na biyu, nic ce a ara ni. Ni nic ce ma Liman a bar ka cikon, don Tankari shi san da ƙahwarka yas samu. Ba ka da wa, ba ka da ƙane, ga Kulu da ciki. Duk randa anka zo biɗar mutanen hanya, shi tuna, shi tsallake gidanka."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, da tausayinsa, da haushin kaina. Mutumin ya ciyar da ni a ɓoye, ya gina mini katanga a ɓoye, ni kuma na zo a gaban kasuwa na rushe ta, na ɗora masa buraguzan a ka, ina ta yabon kaina. Da ƙyar na ce da an gaya mini.

Ya ce, "Wa za shi hwaɗa maka? Ni? Ko in bar Liman shi yi ta tallar abin da niy yi ma surukina? Kai ko, ka tambaya?"

Ya ɗan yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ce in tashi in je in ɗaure kayana, gonata shi zai yi mata maimai da hannunsa, in ya so masu shari'ar akuya su biyo shi can. Na tashi na ɗauki takalmana a hannu. Na yi taku kamar goma sai na ji muryarsa a bayana, bai ko juyo ba.

"Wauta kay yi, babba. Amma da nij juya nig gan ka bayana, na ji daɗi. Kak ka hwaɗa ma Kulu."

Washegari da sassafe muka bi bayan gardi mu biyar. Huɗun suna tafe suna tsine wa mai gari da wanda ya naɗa shi, ni ina bayansu da ƙunshin guzuri a ka, ina ta ƙoƙarin ɓoye murmushi. Na yi kwana arba'in ina ɗaukar duwatsu, na dawo na iske gonata tsaf ba ciyawa ko ɗaya, hatsi ya nuna, Kulu ta sauka lafiya an ajiye mini tumu.

Shekara goma sha ɗaya Baba ya yi yana ɗauke da kayan da na ɗora masa, bai sake tada zancen ba, ni ma na koma bin bayan shinge in na hango shi. Na riƙe amanarsa har ranar da muka binne shi. Da muka dawo daga maƙabarta na zauna kusa da Kulu na gaya mata abin da ya ce mini a gindin gawo. Ta share ido ta ce ai ta sani. Tun ranar Larabar da aka yi layin ya gaya wa innarta ya ji daɗi, ya ce kada a kuskura a gaya mini.